Tsintsiya da Laftof ɗin Marigayi

Tsintsiya ake ce masa, har matarsa ma idan ta so tsokana. Mai gyaran kwamfuta ne, shagonsa ƙarƙashin matakalar wani bene, inda dogon mutum ba ya miƙewa sai ya ci karo da siminti. Tun yana saurayi hannunsa ɗaya ne a aiki: kowace na'ura aka kawo, kafin a gama gaisawa ya share tarihin bincike da kukis, 'yan bayanan da shafukan intanet ke bari a na'ura, tas! Wai datti ne.

Wata safiya gwaggonsa ta shigo rungume da laftof ɗin mijinta marigayi, tsohon malamin makaranta. Ta ce na'urar ta yi nauyi, ba ta sauri. Tana gyara zama a kan benci, shi kuwa gogan har ya danna sharewa.

"Ɗan nan, ka bi ta a hankali," in ji Gwaggo. "Akwai shafin da marigayi yake ajiye karatun da ya naɗa wa jikoki. Kullum na buɗe sai ya gaishe shi da sunansa, in zauna in ji muryarsa."

"Gwaggo, kin san kalmar sirrin?"

"Wace kalma kuma? Ni dai buɗewa nake yi."

Nan ya gane ɓarnar da ya yi. Layin wayar marigayi an daɗe da rufe shi, imel ɗinsa ba mai iya shiga. Abin da ya sa shafin yake gane laftof ɗin ɗan kuki ne guda, irin katin da mai gadin babura yake ba ka. Ka nuna kati a ba ka abinka, ka yar da shi ba wanda ya san ka. Muryar tana can a babbar kwamfutar shafin, katin kuwa yana nan cikin sharar da ya tura.

Ya dubi allo. Ikon Allah, tsohuwar na'urar ko motsi ba ta yi ba, 'yar da'irar nan kawai ke juyawa, sharewar ba ta kammala ba. Ya fizge wayar caji, ya kifa ta, ya ɓalle batir.

"Kai! Gyara ke nan ko dambe?"

Ya mayar da batir, ya kunna, zufa na bin wuyansa. Nauyin da aka kawo ta dominsa, yau shi yake yi wa addu'a. Da ƙyar shafin ya buɗe, ga sunan marigayi a sama, ana masa barka da dawowa.

Wayyo daɗi! Ya zauna daɓas. Nan take ya sauke muryoyin duka a filashi biyu, ya ba Gwaggo ɗaya ta ƙulle a bakin zani. Ya danna karatu guda, muryar malam ta cika shagon, tana tari tana cewa yara su nutsu.

Sunan dai bai bar shi ba. Amma har yau duk wanda ya kawo masa na'ura, sai ya ɗora hannu a kan murfin ya tambaya: "Akwai wanda kuka bari a ciki?"