Ƙasar da Baba ya aike ni

Ko zan manta komai, ba zan manta ranar da na durƙusa ina tonon ƙasa a garin da babu ƙasa ba.

Ni ɗan Gazara ne, gidanmu rake muke nomawa. A waya na koya wa kaina Sifaniyanci, abokai suna ta tsokanata wai da wa zan yi shi a Makarfi. Kwatsam wata ƙungiyar manoma ta ɗauke ni tafinta zuwa Peru. Lokacin idon Baba ya riga ya tafi. Shi kuwa duk inda ɗansa ya je, tsaraba ɗaya yake so, ƙasar wurin a ƙulle a leda. Zai murza, ya sansana, ya gaya maka abin da za ta yi. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Kar ka kwaso min turare. Ƙasa nake so."

Na ƙudura ta wurin da ya fi ban mamaki zan kai masa. Ranar ƙarshe aka kai mu tafkin Titicaca, wajen mutanen Uros. Wallahi gari ne a kan ruwa. Doguwar ciyawar ruwa suke jibgewa, da ita suka yi ɗaki, da ita suka yi kwalekwale, inda kake takawa ma ita ce, tana lotsawa kamar katifa. Gindinta fari ne, suna ɓarewa su ci kamar rake.

Na zaro ledata na hau tono. Ciyawa, ciyawa, sai hannuna ya jiƙe. Wata dattijuwa mai faffaɗar hula ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta tambaye ni me na yar. Na ba ta labarin Baba. Sai ta ce ciyawar da ke ƙarƙashi ruɓewa take yi, dole kullum su shimfiɗa sabuwa a sama, in suka daina garin ya nutse. Ta damƙo busasshiya ta cusa min a leda. "Ɗana, ka ce masa wannan ce ƙasarmu."

Duk hanya ina jin kunyar abin da zan miƙa. A zaure Baba ya murza, ya sansana. Can ya ce, "Ashe tamu ce. Mu ma in muka daina zuba taki, haka za ta nutse, ba ma gani ne kawai." Ya sa na maimaita masa labarin har la'asar, yana tambayar me suke ba akuya.

Kafin a sare raken shekarar Allah ya karɓi abinsa. Ciyawar tana nan a aljihun rigarsa. In na fita da kwandon taki, ita ke tuna min da shi, in ji kamar in koma in gaya wa dattijuwar ya karɓa. Ranar da Baba ya murza ciyawar nan na gane ƙasa ba a gadonta a zauna, kullum sai an sake shimfiɗa ta.