Muciyar Kaka da Miyar da Ta Huce

Jiya jikata take karanta min cewa ƙwayoyin cuta iri-iri ne: wasu sanyi suke so, wasu zafi, masu kashe mutum kuwa ɗumi. Sai Kaka ta faɗo min a rai.

A gidanmu na unguwar Nima, lokacin murnar 'yancin kai, Baba ya dawo daga dako da yunwa, ya tsoma hannu a miyar da Kaka ta tafasa ta ajiye don gobe. Kaka ta rafka masa muciya a goshi, jini ya wanke masa fuska. Ta shuri tukunyar, warin daddawa ya cika gida.

"Miya ta huce ka sa mata hannu? Haka ƙannenka biyu suka mutu ina kallo!"

Ita ta ɗaure masa raunin, tana kuka.

Allah ya sanyaya makwancinki, Kaka.