Ranar Awon Ɗan'auta

Safiyatu 'yar kawuna ce, abokiyar wasana, don haka ko na ƙara gishiri ba inda za ta kai ƙara. Mace ce da in ta yi atishawa a Challawa sai an amsa mata daga Bompai.

Zamanin tsuke bakin aljihu masaƙa ta sallami mijinta Inuwa, har gizo-gizo ya kama haya a murhunta. Ana haka aka fara rabon madarar gari a asibitin awo, amma da sharaɗi: sai yaron da bai kai nauyi ba. Ɗan'autanta ya ci jarrabawa. Da madararsa ake dama wa yayyensa kunu. Ni na sa masa suna Manaja, tunda shi ke ciyar da gida.

"Safiya, Manaja ya karya kuwa?"

"Gobe awo, sarkin surutu. In ya yi ƙiba kai za ka ba mu madarar? Kai da ko akuya ba ka da ita!"

Haka take yi, jajiberin awo daga ruwa sai ruwa. Yaro ya isa gudu bai taka ba, bai ce "Inna" ba, kukan ma ya daina. Gashi ya yi ja. Sai ido, irin na tsohon da ya gama sallama da kowa. Duk inda ka tsaya a ɗakin, kai yake kallo.

Wata Laraba na raka ta. Nas ta rataye shi a sikeli, tsinken ya ɗan motsa da ƙyar. Ta bubbuga sikelin, ta sake ratayawa.

"Baiwar Allah, me kike ba shi?"

Aka ninka wa Safiyatu madara, aka ce duka tasa ce.

Muka taho tana cewa yau kam shi zai fara sha. A bakin kwatar ruwan rinin masaƙa, ran nan shuɗi ne ke kwarara, ta tsaya cak.

"Duba min bayana. Ban ji shi ba."

Yana nan cikin goyo. Idonsa a buɗe, ni yake kallo, amma Manaja ya ajiye aiki.

Yanzu yayyensa sun zama ƙatti. Ita kuwa duk Laraba sai ta ɗaura zanin goyo ba kowa a ciki, ta je ta bi layin awo. Nas ɗin ta rantse min, da zarar Safiyatu ta shigo ƙugiyar sikelin ke fara lilo. Nan kam ko ƙwayar gishiri ban ƙara ba.