Matar da ke kan allon Ticha

Ɗan gwaggona, wanda kowa ke ce wa Ticha, tun yana zanin goyo yake gyara wa mutane magana. Gwaggo ta rantse ranar da aka haife shi bai yi kuka ba sai da ya ji ungozoma ta yi kuskuren lafazi. Tare aka sa mu makaranta. Ni na sauka a inda allo ya fara juya mini, shi ya zarce har ya samo tabarau da tumbi.

Sana'arsa koyar da manya Turanci da yamma, a wani ɗaki bayan shagon aski, mai bencuna masu rawa da fankar da ta fi iya ƙara a kan iska. Ɗalibansa su ne mahauci, direban tasi da wata tela. Ƙa'idarsa ita ce misalin ƙarya ba ya zama a kai. Duk jimlar da zai rubuta daga cikin gidansa yake ɗebo ta, a maimaita da ƙarfi, a fassara, sannan kowa ya je ya yi ta bita a bakin aikinsa, ga duk wanda ya tsaya gabansa.

Da aka zo darasin kwatanta abin da bai faru ba tukuna, ya ce musu Bature ya raba gobe gida biyu. Abin da zai iya yiwuwa, a ce wil. Abin da sai dai a mafarki, a ce wud. Ni ma iyakar abin da na tsinta ke nan ta taga. Ya duba duniya kaf bai ga misali ba sai matarsa, mace mai kawaici, wadda tun haihuwar autansu jiki ya zauna mata har ta daina zuwa taro don kunya. Ita ke goge masa rigar da yake tsayawa da ita gaban allon.

Ya rubuta cewa da za ta yi tsere da kunkuru gobe, da kunkuru ya riga ta har ya yi barci. Da za a auna ta baɗi, da ta fi firij nauyi. Aji ya ɗauka kamar waƙa.

Da ta je sayen nama, mahauci ya kora mata jimlar kunkuru da Turanci, sannan ya fassara, gaban mata.

"Na faɗa daidai ko, matar Ticha? Ki gaya masa ina ƙoƙari."

Direban tasi ya ba ta ta firij, motarsa cike da fasinja. Duk ta haɗiye. Sai da ta kai ɗinki, tela ta zagaya mata awo a ƙugu tana bita a hankali, ta kai ƙarshen jimla ta kai ƙarshen awo, dariya ta ƙwace wa telar.

Ina gidan lokacin da ta dawo.

"Baban yara, ni ce a allonka?"

"Misali ne kawai. Kuma wud na sa, ai ba cewa na yi zai faru ba."

"To."

Ta gama goge masa rigar gobe, ta rataye, ta ɗauki auta ta tafi gidan yayanta. An yi biko har takalman gwaggo suka cinye. Yayan ya ce a koma a tambayi kunkuru.

Na ce masa, "Ɗan'uwa, ka canja misali mana, ka koma kan fanka." Ya ce ni da ban gama makaranta ba me na sani.

Ran nan na leƙa tagar. Rigarsa duk ta yamutse, tumbin ya zube. Ya rubuta cewa idan matarsa ta dawo wata mai zuwa, gidan zai fi yanzu daɗin zama. Mahauci ya ɗaga hannu.

"Ticha, wannan wil ne ko wud?"

Ya tsaya da alli a hannu har mai aski ya gama kan mutum guda. Bai taɓa koyar da kuskure ba, kuma ba ranar zai fara ba. Ya sa gefen hannu ya goge, ya rubuta wud.

"Ku maimaita," in ji shi.

Suka maimaita da ƙarfi, suka fassara, suka fita da ita gari.