Maigidan Inna

Ɗana na fari a bakin kakarsa ya koyi magana. A ƙauyenmu na ƙasar Maradun, kafin ruwan dam ya ci shi, uwar mijina, wadda duk muke kira Inna, ita ce abokiyar hirarsa. Maigida take ce masa. Da hantsi tana ɓarar gyaɗa sai ta tsare shi, wai ina cefane, wai wane irin miji ne wannan da ko wando ba shi da shi. Sannan ta yi shiru ta jira. Shi kuwa ya yi ta lalube har ya samo abin ramawa. Ni ina gefe ina daka, ba na sa baki. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa.

Da aka tashe mu, Inna ta bi autanta zuwa Dakko, mu muka koma Talata Mafara, inda mijina ya samu leburanci wurin haƙar hanyoyin ruwa. An buɗe wa 'ya'yan ma'aikata ajin ƙananan yara, aka sa shi. Malamar ba muguwa ba ce, yaran ne suka yi mata yawa. Ta faɗi kalmar Turanci, su amsa baki ɗaya, ta sake, su sake, har a tashi. Ba a tambayar yaro wani abu a jira amsarsa.

Yakan dawo ya zauna bakin ƙofa yana rera abin da aka biya musu. In ubansa ya tambaye shi me ke nan, sai ya sunkuyar da kai. A hankali ko ruwa yake so sai dai ya nuna randa. Na san abin da ya rasa, amma kunya ta riƙe mini harshe.

Da Inna ta kwanta ciwo muka je Dakko. Ta rame ƙwarai. Ta daɗe tana kallonsa.

"Maigida, sakina ka yi? An ce ka yi amarya a Mafara, mai Turanci."

Ta jira shi kamar da.

"Ke kika gudu," in ji shi. "Kuma ko haƙora ba ki da su."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Yinin nan bakinsa bai huta ba.

Ba ta kai damina ba. Da aka share makoki muka dawo, na kira yaron ɗaki, na saki labule don kada matan gida su ji, na tambaye shi ina cefane. Ya dube ni kamar baƙuwa. Na jira. Can ya ce ai ni ba matarsa ba ce, matarsa tana Dakko. Daga nan hira ta ɓarke.

Ya girma har ya yi iyali, bara shi ma Allah ya karɓi abinsa, ban taɓa kiran sunansa ya ji ba. Ya bar yaro namiji, yana ajin ƙanana. In lokacin tashinsu ya yi, nakan jawo kwaryar gyaɗa kusa da ƙofa.