Giwar Da Ta Kusa Watsa Mana Wasa

Shekarun baya, lokacin wani dogon yajin aikin malaman jami'a da ya zaunar da mu a gida har muka fara manta hanyar aji, na ƙirƙiro wani wasa a soron gidanmu da ke Limawa. To, ƙirƙira dai in ji ni. A waya na ga wasu suna yi, na kwaso na yi masa kwaskwarima irin tamu. Mutum ɗaya ne mai ba da labari, wato ni, sauran kuma kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama shi. In na ce, "Kun iso bakin kogi, ga kada," sai kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, a jefa ƙwayar lido. In ta ba da babban ido ka yi nasara, in ƙarami ka sha kashi. A bayan kwalin taliya na zana taswira, ƙwallayen dabino kuma su ne ran kowa: duk sa'ad da aka sare ka sai a ɗauke maka ɗaya.

Mu huɗu ne. Ƙanwata ta zama maharbiya mai kwari da baka. Ɗan kawuna, taubashina da bakinsa ba ya hutawa, ya zama mayaƙi. Sai abokina, wanda iyayensa makiyaya ne a wajen Buji, yana zaune wurin baffansa a layinmu saboda karatu. Shi ya ce mai rikiɗa yake so. Abokin nan nawa yana da in'ina, mai ƙarfi ma kuwa, shi ya sa a taro ba ka cika jin muryarsa ba. Da na ji ya zaɓi abu da bakinsa, don murna ban tsaya tunani ba na ce, "An ba ka! Ka rikiɗa ka zama duk dabbar da ka ga dama."

Wallahi nan na jawo wa kaina.

Zan kwana biyu ina tsara labari, in kafa 'yan fashi a kan hanya, in ba shugabansu murya mai ban tsoro har maƙogwarona ya yi zafi. Ana zuwa wurin sai abokina ya ce, "Giwa." Shi ke nan, ya tattake su. Ƙofar gari a rufe, ana so a lallashi mai gadi? Giwa. Ciniki da ɗan kasuwa? Giwa, ɗan kasuwa ya bar rumfar ya arce. Da farko dariya muke har da riƙe ciki. Amma bayan 'yan makonni ƙanwata ta fara zuwa da saƙarta, ta ce gara ta ƙarasa hula tunda kibiyarta ko sau ɗaya ba ta bar kwari ba.

Ɗan kawuna kuwa ya tare ni a bakin masallaci ya ce, "Kai malam, mu 'yan rakiyar giwa ne? In ba ka yi maganinta ba ni na koma kallon ƙwallo."

Raina ya ɓaci, don gaskiya ya faɗa. Da muka zauna ranar, giwa na fitowa na gyara murya na ce, "Sai ga tsawa daga sama ta faɗa wa giwa! Daga yau asirin rikiɗa ya karye." Har ina jin kaina wani gwanin alƙali. Abokina ya tura ƙwallayen dabinonsa tsakiyar kwali, ya sa takalmansa ya fita. Washegari bai zo ba, jibi ma haka. Muka gwada yi mu uku, abin ya zama kamar miya ba gishiri. Ƙanwata ta harare ni ta ce, "Yaya, cewa muka yi ka rage wa giwa ƙarfi, ba mu ce ka kori mai ita ba."

Hankalina ya tashi sosai, domin mutumin nan ba ya zuwa majalisar kowa, soronmu ne kaɗai inda yake zama cikin mutane. Bayan la'asar na je na same shi a kan dutsen bayan unguwa inda ya saba zama. Na ba shi haƙuri, sannan na tambaye shi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya: duk dabbobin duniya, me ya sa kullum giwa?

Yana kallon gari ya ce, "G-giwa ba ta d-dogon bayani."

Sai a lokacin na tuna cewa duk inda labari ya kai ga magana, lallashi ko ciniki ko tambayar hanya, nan yake rikiɗa. In ya fara jimla ya maƙale, ɗan kawuna ne ke ƙarasa masa, wani lokacin ma ni. Ashe ba ƙarfi yake nema ba, hanyar da zai wuce wurin da kalma ɗaya yake nema.

A kan dutsen nan muka zauna muka sake ƙera dokar rikiɗa tare, kuma rabinta daga bakinsa ta fito. Wanda ya zama dabba ba shi da bakin mutane, sai kuka da motsin kai, abokan tafiya su gane abin da yake nufi. Babbar dabba kuma tana da nata ra'ayin: kowane zagaye sai ka jefa ƙwaya, in ido ya yi ƙasa giwa ta manta da kai ta tafi neman rake. Shi kuma ya ƙara da cewa kada mai rikiɗa ya iya komawa mutum da kansa, sai wani cikin abokansa ya ba shi kanwa ya lasa, yadda suke ba shanunsu. Kai, na ji daɗin wannan! Da gudu na sauko dutsen, saura kaɗan in bar takalmi ɗaya a can.

Ranar da ya dawo na shirya musu labari na musamman. Wani matsafi ya sace jaririn maƙeri ya ɓoye shi a wani ƙauye, ba wanda ya san inda yake. Kowa ya zuba wa abokina ido, ɗan kawuna har ya fara cewa, "To, ga uwar hauren nan tafe."

Sai abokina ya ce, "Akuya."

Ya shiga ƙauyen yana kiwo abinsa. Ni kuma mugunta ta motsa mini, na ce, "Af, ka manta damina ce? Wa ya saki akuya ga shuka ta fito?" Na sa manoma suka bi shi da sanduna. Ya jefa ƙwaya, ta ba shi ido ɗaya tal. Aka kama shi, aka ɗaure shi a turke a ƙofar gidan mai unguwa sai mai ita ya zo. Ƙanwata ta ajiye saƙa tana dariya har da hawaye. To a turken nan ne na matsa kusa da kunnensa na raɗa masa abin da akuyar ta ji yaran matsafi suna faɗa: jaririn yana cikin rumbun da ke bayan gidan, kuma da magariba za a tafi da shi.

Ga maharbiya da mayaƙi sun iso, ga akuya ta san komai, ga ba baki.

Jama'a, abokina ya rufe ido, ya ɗaga haɓa, ya saki wani kuka. Ba irin "mee" ɗin da yara ke yi ba. Kuka ne mai tsawo mai rawa a ƙarshe, ya yanke, ya sake ja, yana fizgar wuya wajen kusurwar kwalin da na zana rumbu. Ɗan kawuna ya ce, "Yunwa yake ji, a ba shi dusa." Ƙanwata, wadda ita ke ba awakin gidanmu abinci, ta miƙe tsaye ta buga tsalle ta ce, "Kai ka yi mana shiru! Kukan uwa ne da ta rasa ɗanta! Jaririn yana rumbu!"

Ba ta rufe baki ba sai muka ji awakin cikin gida sun ɗauka gaba ɗaya. Sai ga mahaifiyata ta faɗo soron da muciya a hannu tana cewa, "Wa ya bar ƙofa a buɗe? Ɗan jar akuyar nan ya fita ko?" Ta dube mu, ta dubi abokina da wuyansa a miƙe, ta ce, "Ikon Allah. Ɗan nan, kai ne? To Allah ya sa a janye yajin aikin nan kafin ku fara cin harawa."

Mun yi dariya har ɗan kawuna ya kwanta a kan taswira. Da muka natsa, maharbiya ta harbe mai gadin rumbu da kibiyarta ta farko tun da aka fara wasan, mayaƙi ya ɓalle ƙofa. Sannan ƙanwata ta shiga madafa ta ɗebo kanwa ta gaske ta miƙa wa abokina a tafin hannu. Ya lasa, ya yamutsa fuska, ya koma mutum.

Sai ya fara magana. Zumuɗi ya hana shi jin tsoro. Ya ba su labarin yadda aka bi shi, yadda igiyar ta shaƙe shi, abin da yaran matsafi suka ce da inda ubangidansu ya nufa. Ya maƙale ya fi a ƙirga. A wata kalma ya daɗe har na ga leɓen ɗan kawuna yana motsi zai ƙarasa masa, sai na ga ya sa hannu ya toshe bakinsa da kansa. Muka jira. Kalmar ta fito.

Yanzu kowa ya kama gabansa. Abokina yana aikin kula da lafiyar dabbobi a wajen Garki, kullum cikin yi wa makiyaya bayani, da in'inarsa da komai. Ni kuma har yau in na ga wani ya cika ƙarfi a wasa, ko ma ba a wasa ba, nakan fara tambayar kaina abin da yake gudu kafin in sauko masa da tsawa. Mun ci gaba da wasan nan har aka koma makaranta, ya zama zomo, ya zama shaho, ya zama jaki sau biyu. Dokar ba ta hana shi giwa ba, tana nan ga duk ranar da ya so. Bai sake kiranta ba.