Shekarar da Na Roƙi Malam Ya Kai Ni Teku

Duk tsawon zaman da na yi a ƙasar nan, idan akwai abin da na tabbata ba zai taɓa fita daga raina ba, to watannin nan ne da muka yi ni da maigidana muna shirin ɗaukar shatar jirgin ruwa. Tafiyar kanta ta yi daɗi, amma shirin ne ya fi zauna mini a zuciya.

Maigidana malamin jami'a ne a nan Greensboro, kuma Malam nake ce masa tun kafin mu yi aure. Mutumin Yawuri ne, a bakin Kwara ya tashi. Mahaifinsa yana da kwale-kwale, yana ƙetarar da mutane zuwa tsibiran da ke tsakiyar kogi. Ni kuwa 'yar Gumel ce. Ruwan da na sani bai wuce na rijiya da na randa ba, ko gada za mu hau a mota sai na kawar da kai. Shekara da shekaru yana cewa wata rana zai ɗauki jirgi ya zaga tsibiran nan masu ruwa garai-garai da ake nunawa a talabijin. Ni kuma in ce Allah ya kiyaye hanya, zai same ni a gida. A yi dariya, magana ta wuce.

Sai ciwon ido ya zo. Da farko ƙofa ya riƙa bugewa da kafaɗa, daga baya ya goga mota a jikin gareji. Likita ta ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin sa ba a sani ba. Magani zai rage wa ciwon gudu, amma ganin da ya tafi ya tafi, sauran ma a hankali zai bi. Malam ya ce mini yanzu yana ganin duniya kamar mai leƙe ta cikin bututu. Aka hana shi tuƙi. Wanda ya san Summerfield, inda gidanmu yake, ya san marar mota a can kamar ɗaurarre yake, ko burodi sai an tuƙa. Ni nake kai shi makaranta in wuce kantin maganin da nake aiki, da yamma in biya in ɗauko shi.

Shirunsa ya fi ciwon tayar mini da hankali. Mutumin da ke cika gida da musu a kan siyasa da ƙwallo ya koma zama a kujera guda. Ni kuwa na duƙufa hidima. In zuba masa shayi, in kwashe duk abin da zai iya tuntuɓe da shi, in ya ɗauki wuƙa zai ɓare lemo in karɓe. Shi dai sai ya ce na gode, kamar baƙo.

Wata rana ina hutun rana a wurin aiki na tuna da maganar tsibiran. Na bincika a waya, na sami wani kamfani da ke ba da shatar jirgi da kyaftin da mai dafa abinci a tsibiran Bahamas. Na kira, wata mata mai fara'a ta yi mini bayani, ta turo hotuna, na buga su a takarda. Na dawo gida ina murna, na ajiye masa su a gaba bayan la'asar.

Ya matso da su kusa da fuska, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ture su gefe.

"Hajiya, walimar bankwana kike shirya wa idanuna?"

Na ce ba haka ba ne.

"Haka ne mana. Na gode, amma ba na son a kai ni yawon tausayi."

Ya tashi yana dafa bango ya shige ɗaki. Na zauna ni kaɗai da hotunan ruwa, na rasa inda na yi kuskure.

Ranar Asabar na tafi wurin wata babbar aminiyata da kowa ke ce wa Anti. 'Yar zangon Kumasi ce, ta girme ni sosai, kuma ta yi jinyar mijinta shekaru kafin ya rasu. Na same ta a kicin tana dafa shinkafa da wake irin tasu. Ta saurare ni har na gama, hannunta bai bar muciya ba.

"Ƙanwata," ta ce, "yaushe rabonki da ki roƙi mijinki wani abu?"

Na ce me zan roƙe shi, yana cikin wannan hali?

"To ai kin ji. Ni ma haka na yi wa nawa Alhajin, har ranar da ya tambaye ni ko ya mutu ne ba a gaya masa ba. Ido ne ya yi rauni, ba mutumin ba."

Na koma gida da kwanon abinci da maganar nan tana yi mini yawo a kai. Na bari sai da abin ya lafa. Wata safiyar Lahadi muna karyawa na ce masa ina da buƙata. Ya ɗago da sauri, don ya kwana biyu bai ji wannan kalmar daga bakina ba.

"Malam, na gaji da tsoron ruwa. Na tsufa ina rufe ido a kan gada. Ina so in shiga jirgi ko sau ɗaya ne, kuma ba wanda zan yarda ya sa ni a ciki sai kai."

Da dabara na fara maganar, amma kafin in kai ƙarshenta na ji ashe gaskiya nake faɗa. Ya juya cokali a kofi.

"Wane irin jirgi matar ta ce za ta ba mu?"

"Ban sani ba. Fari ne dai."

Ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin mu fara zaryar asibiti.

Daga ranar teburin cin abincinmu ya tashi daga aiki. Malam ya sa aka kawo masa babbar taswira, ya shimfiɗa ta, ya danne gefunanta da gwangwanin madara da kwalbar zuma. Da gilashin ƙara girman rubutu yake bin tsibiran ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunayensu kamar 'yan uwansa. Mu kuwa a kan cinya muke cin tuwo. Matar kamfanin ta shiga uku da tambayoyi. Ina iska take fitowa a wannan watan? In ruwa ya ja baya, wace mashiga ce jirgi ba ya iya bi? Kyaftin ɗin ya daɗe a wannan ruwan ko sabon zuwa ne? Ni ina gefe ina jin kunya, ita kuwa har ta fara kiran sa da kanta in ta samo amsa.

Jirgin farko da ta nuna mana dogo ne siriri, kuma na san shi ne ya kwanta masa a rai. Amma ya ƙi shi. Ya zaɓi wani mai faɗi, kamar an haɗa kwale-kwale biyu an ɗora ɗaki a kansu. Na ji yana gaya mata a waya cewa matarsa ba ta taɓa shiga ruwa ba, yana son wanda ba ya tangaɗi. Da aka zo maganar abinci ta damu ƙwarai da inda za ta samo mana naman halal. Ya ce ta kwantar da hankalinta, kifi ba ya buƙatar yanka. Ya ce kada a saka giya a jirgin, a cika shi da shayi. Har wurin limaminmu ya sa na kai shi bayan sallar Juma'a, suka tattauna yadda mutum zai yi da alƙibla idan jirgi ya juya yana tsakiyar salla. 'Yarmu da ke aiki a wani gari ta ji labari, ta kira tana ta zuba Turanci, wai ita da ƙanenta lallai sai an tafi da su. Ya ce mata su yi haƙuri, wannan tafiyar tasa ce da uwarsu.

Sai maganar lokaci. Matar ta ce daga tsakiyar shekara ake shiga lokacin guguwar teku, ba ta ba mu shawarar tafiya a ciki ba. Ko dai mu tafi a Mayu da zarar an rufe makaranta, ko mu jira Disamba, lokacin da iska ta fi daɗi. Ni Mayu nake so, kuma na san dalilina, amma na kasa faɗa. Na sunkuyar da kai ina jiran ya ce Disamba, don shi mutum ne mai son a yi abu a tsanake.

"Mayu," ya ce mata. Da ya ajiye wayar ya juyo ya dube ni. "Ban san abin da zan iya nuna miki a Disamba ba."

Wannan ne karo na farko da ya ambaci maganar idonsa da bakinsa ba tare da ɗaci ba. Na tashi na shiga kicin kamar zan duba tukunya, na share hawayena na dawo.

Ya kafa mini sharaɗi guda: ba zai kai ni teku ba sai na fara ɗanɗana ƙaramin ruwa. Akwai wani tafki a arewacin gari, ba nisa da gidanmu, inda ake ba da hayar ƙananan kwale-kwale. Wata Asabar da hantsi muka je. Aka ɗaura mini rigar da ke hana nutsewa a kan hijabina, na zama kamar buhun gero. Ƙafata tana taɓa cikin kwale-kwalen ya motsa, na fara salati da ƙarfi har wani Bature mai kamun kifi ya waiwayo.

"Zauna a tsakiya," in ji Malam. "Kada ki kalli ruwan da ke kusa da ke, kalli itatuwan can."

Ya zauna a baya ya fara tuƙi. Ban taɓa ganin hannunsa yana wannan aikin ba sai ranar. Kwale-kwalen ya miƙe sumul, ba ko fantsama. Da muka yi ɗan nisa ya ce, "Ni gabana kawai nake gani. Dama da hagu naki ne. In kin ga wani abu ki faɗa." Dole na saki gefen da na ƙanƙame, na fara dube-dube. Ga kututture a dama. Ga wasu yara a jirgi ta hagu. Ina faɗa yana kaucewa. Can na lura na daina salatin tsoro, ina ma yi masa faɗa ya cika matsawa kusa da ciyawa. Ya ce haka mahaifiyarsa take yi wa mahaifinsa, ashe abin na matan masu jirgi ne duka.

Mun tafi a Mayu. Ranar farko jiri ya kwashe ni duk da cittar da Anti ta ƙulla mini, Malam ya zauna kusa da ni yana jiƙa mini goshi, yana ba ni labarin yadda ya faɗa Kwara yana yaro. Kashegari na warware. Ruwan ya fi na hoto kyau, kana hango yashi a ƙasansa. Malam ya riƙa juya kai a hankali yana bin komai da ɗan ganin da ya rage masa, yana nuna mini inda launin ruwa ya sauya, yana cewa nan zurfi ne, can tudu. Shi da kyaftin suka zama abokai, har ya bar masa sitiyari a wani fili mai faɗi. A wani ƙaramin tsibiri da ba kowa ya riƙe hannuna muka shiga ruwa har ƙugu. Ni, 'yar Gumel.

Yau ganin Malam ya kusa ƙarewa, haske da duhu kawai yake bambancewa. Ya yi ritaya, amma ɗalibai ba su daina zuwa gidan ba, kuma musun siyasa ya dawo har ya fi da. Shi yake ɓare mini lemo, shi yake tuna mini lokacin shan maganina, in na rasa shawara a kan aiki ko a kan yara wurinsa nake zuwa.

Abin da na koya shi ne, mai jinya yakan ɗauka ƙauna ita ce ya ɗauke wa marar lafiya komai. Ashe in ka ɗauke wa mutum dukan kaya, har da mutuncinsa kake haɗawa. Wanda kake so, komai rauninsa, bar masa wani abin da zai yi maka, kuma ka roƙe shi da gaske.